Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Waiwaye a Kan Fitinar Maitatsine

Ran 18 ga watan Disamba, 1980, 'yan sanda suka nufi filin Shahuci a birnin Kano don su hana almajiran wani malami yin wa'azi a bainar jama'a. Aikin da aka ɗauka ƙarami ne sai ya rikiɗe ya zama yaƙi. Aka kashe wasu daga cikin 'yan sandan, aka ƙone motocinsu, aka ƙwace bindigoginsu. Aka yi kwana 11 ana ba ta kashi, har Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari ya ba soja umurni suka shiga unguwar 'Yan Awaki da manyan bindigogi. Hukumar binciken da Mai Shari'a Anthony Aniagolu ya shugabanta ta ƙidaya mutum 4,177 da suka halaka, mutanen Kano kuwa da yawa suna cewa abin ya wuce haka.

Yawancinmu masu riƙe da alli da masu riƙe da alƙalamin ofis a yau muna goye sa'ad da wannan ya auku, wasu ma ba a haife su ba. Mun ga ya kyautu mu tono labarin domin a cikinsa ne aka fi ganin yadda irin wannan fitina take yin saiwa. Har wa yau kuma, rabon da ya faɗo kan malamin makaranta da malamin ofis wajen tare ta ya fi yadda suke zato.

Sunan malamin Muhammadu Marwa, mutumin Marwa ne ta ƙasar Kamaru, ya zo Kano wajen shekarar 1945. Laƙabin Maitatsine ya same shi ne saboda yawan tsinuwar da yake yi cikin wa'azinsa: mai sauraron rediyo, mai ɗaura agogo, mai hawan keke ko mota, duk ba wanda ya tsira daga bakinsa. Ya ƙi hadisi, ya hana karanta kowane littafi in ban da Alƙur'ani, daga baya har aka ce ya yi da'awar annabci. Hukuma kuwa ta san shi sarai. A 1962 aka ɗaure shi, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya sa aka mai da shi ƙasarsu. Bayan 'yan shekaru ya komo. A 1973 aka sake ɗaure shi, ya fito ya ci gaba da tara mutane a 'Yan Awaki, suna cin filayen maƙwabta, suna tare hanya, ba mai iya ce musu kanzil. Sai ran 26 ga Nuwamba, 1980, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya aika masa da takarda cewa ya tashi cikin mako biyu. Watau mutumin da ya yi shekara 35 a idon hukuma, shi aka ba kwana 14.

To, abin tambaya shi ne, me ya sa dubban samari suka bi mutum irin wannan, har suka fuskanci bindiga da baka da kibiya da wuƙa? Masu wa'azi iri iri ba su taɓa yankewa a Kano ba, waɗansu ma sun fi shi balaga, amma jama'a kan saurara su yi dariya su wuce. Me ya sa nasa ya kama?

Sai mu dubi su wane ne mabiyan. Galibinsu gardawa ne, watau almajiran da suka wuce ƙuruciya, suka zama samari, suna bin malamai gari gari don neman tilawa. Gardi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, yana kuma da matsayinsa tun kaka da kakanni. In an gama girbi sai ya ɗauki allonsa da buzunsa ya tafi cin rani birni. Da asuba da dare yana karatu, da rana yana ɗinkin hula, ko ga-ruwa, ko dako, ko yankan farce, ko kwaɓa ƙasa wurin magina. Ya kwana a zauren wani attajiri, matan gida su aiko masa da tuwo suna neman albarkar karatunsa. Da hadari ya fara haɗuwa sai ya koma gona da 'yar rigarsa sabuwa da abin da zai tara na aure. Talaka ne, amma ba wulaƙantacce ba ne, gama kowa ya san gardin yau shi ne alaramman gobe.

Cikin shekarun 1970 wannan tsari ya warware, kuma da sauri. Farin 1973 ya kashe amfanin gona da dabbobi, mutanen karkara suka kwararo birni, da yawa ba su sake komawa ba. Kuɗin man fetur suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji, farashin hatsi da na haya suka yi sama, gardi kuwa ba ya cikin masu albashi. Masu hali suka bar ginin ƙasa suka koma na siminti, suka zagaye gidajensu da katanga da ƙofar ƙarfe da maigadi, zaure ya soma ɓacewa. A 1976 aka buɗe shirin ilmin firamare na kowa da kowa, takardar shaida ta zama ita ce mabuɗin ko da aikin masinja ne. Saurayin da ya haddace izu sittin ya wayi gari ana kiransa jahili a ƙofar ofis, yaron da ya gama aji shida yana yi masa tsawa. Wani Ba'amurke mai suna Paul Lubeck, wanda ya daɗe yana nazarin ma'aikatan Kano, ya yi bayanin wannan a 1985, duk wanda ya tambayi dattawan unguwa kuma zai ji kusan haka daga bakinsu.

Ga irin wannan saurayi Maitatsine ya ba da abu uku da birni ya hana shi: wurin kwana, da ƙwaryar abinci, da bayanin halin da yake ciki. Na ukun ya fi haɗari. Ya ce masa mai motar nan da ya watsa maka ruwan kwata ɗan wuta ne, kai ne zaɓaɓɓe. Wanda aka daɗe ana rainawa, ranar da wani ya gaya masa shi ne mafifici, da wuya ya tsaya tambayar hujja.

Amma fa kada a yi mana mummunar fahimta. Malaman allo na Kano da almajiransu, in ban da 'yan kaɗan, ba su bi shi ba, malaman ne ma suka fara kuka da shi. A cikin kwanakin faɗan kuma an kashe almajirai da baƙi waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, don kawai an gan su da allo ko an ji harshensu dabam. Wanda ya ce karatun allo ne tushen fitina ya zalunci tsarin da ya fitar da alƙalai da limamai da marubutan ƙasar nan shekaru aru aru.

Akwai wani gefe kuma da ya shafi masu mulki. A zamanin En'e baƙo ba ya daɗewa a unguwa mai unguwa bai san mai masaukinsa ba, labari kuma yana hawa daga mai unguwa zuwa hakimi har fada. Bayan zuwan mulkin soja aka haɗe 'Yan Doka da 'yan sandan tarayya, aka ɗauke kotunan alƙalai daga hannun sarakuna, a 1976 aka kafa ƙananan hukumomi. Idon da ke gani yana nan, amma an sare masa hannu. Hannun da ke da iko kuwa ba shi da ido a lungu. Ba muna cewa zamanin En'e adalci ne zalla ba. Wanda kakansa ya sha bulala ko ɗauri don ya yanki katin NEPU ba zai yarda da mu ba, yana kuwa da gaskiya.

Tun da mun ambaci NEPU, bari mu tsaya kaɗan, domin a nan ne za a rarrabe zafin ra'ayi da fitina. Jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya ja ragamarta, ita ma masu mulkin lokacin sun kira ta ta masu tsaurin kai. Kukanta a kan haraji ne da aikin tilas da danniyar hakimai, kalmominta kuma suna da kaifi ƙwarai. Amma tana da dandalin lacca da akwatin ƙuri'a, ko da yake an sha ƙuntata mata a kansu. Da magajiyarta PRP ta ci zaɓen Kano da Kaduna a 1979 sai aka soke haraji da jangali. Kukan talaka ya sami ƙofa, ya fita ta nan ya zama gyara. Gardin 'Yan Awaki ba shi da jam'iyya, ba shi da ƙungiyar sana'a, ba shi da wanda zai rubuta masa takardar ƙara. Ƙofa ɗaya ce ta buɗe masa.

Maitatsine ya mutu a cikin faɗan, har aka tono gawarsa aka ƙone don kada a mai da kabarinsa wurin ziyara. Aka ce an huta. A watan Oktoba, 1982, wuta ta tashi a Bulunkutu kusa da Maiduguri, ta haura Rigasa a Kaduna. A 1984 ta tashi a Jimeta ƙarƙashin Musa Makaniki, a 1985 a Gombe. Bayan shekara 24 sai ga Muhammad Yusuf da jama'arsa a Maiduguri, a watan Yuli, 2009. Aƙidarsu dabam ce da ta Maitatsine, a cikinsu ma har da waɗanda suka yi jami'a suka yayyaga takardunsu, abin da ke nuna talauci da rashin boko kaɗai ba su isa su bayyana al'amarin ba. Wanda ya yi karatu ya ga ɗan wane ya sami aikin da shi ya cancanta, zuciyarsa kan yi ɗaci irin na gardi. Aka kama Yusuf da rai, aka kashe shi a hannun 'yan sanda ran 30 ga Yuli ba tare da shari'a ba. Abin da ya biyo baya ƙarƙashin Abubakar Shekau, da Buni Yadi da Chibok a 2014, ba sai mun tuna wa malaman makaranta ba. In an zare takobi a kan jama'a dole hukuma ta kare su da ƙarfi, wannan ba gardama. Sai dai ƙarfin da ya ƙetare shari'a yakan ba masu fitina hujjar da suka daɗe suna nema, su ɗauke ta su shiga da ita ƙauyuka.

Gwamnati ta gwada magunguna. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai a Gagi ta Sakkwato, aka gina irinta fiye da 150, da yawansu suka lalace don ba a sa malaman tsangaya cikin shawara ba, ba a kuma yi tanadin abinci da albashi mai ɗorewa ba. A 2016 aka kafa shirin karɓar tubabbu, da sansaninsa a Malam Sidi ta Jihar Gombe. A 2023 aka yi dokar kafa hukumar kula da ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Dabarar haɗa ilmin biyu ba sabuwa ba ce ma: a Shahucin nan da aka fara zub da jini, a nan aka kafa makarantar shari'a a 1928, Makarantar Koyon Larabci ta Kano kuma ta fitar da mutanen da suka iya Muhtasar suka iya lissafi, ba su raina kowanne ba.

Mu dai abin da ya fi damunmu shi ne na kusa da hannu. Mun taɓa zuwa rangadi wata makaranta, ba za mu faɗi sunanta ba, muka ji wani yaro ɗan aji shida ya tambayi malaminsa ko gaskiya ne abin da ya ji a wani wa'azi cikin waya, wai koyon yadda ruwan sama yake samuwa kafirci ne. Malam ya ce masa ya rufe baki ya zauna. Yaron ya zauna, amma tambayar ba ta zauna ba, zai kai ta wurin wanda zai amsa masa, mun kuwa san ko wane ne. Da malamin ya ce ban sani ba, bari gobe mu gayyato liman mu tattauna, da ya yi aikin da bataliyar soja ba za ta iya ba. Malamai irin su Shaihu Ja'afar Mahmud Adam sun fito fili sun warware shubuhar Yusuf da hujja tun kafin a harbe Shaihun a masallaci a Kano a 2007, samari da yawa kuma sun janye saboda abin da suka ji. Kwalejojinmu na horon malamai suna koyar da tsara darasi da riƙe rajista, amma ba mu ga inda ake koya wa malami yadda zai karɓi tambaya mai zafi ba tare da bulala ba, mu ma da muka fito daga can ba a koya mana ba.

Malamin ofis shi ma yana da nasa. Talaka bai taɓa ganin Gwamna ba, gwamnatin da ya sani ita ce mutumin da ke bayan tebur. In ya zo neman takardar haihuwar ɗansa ko ta fili aka ce ya dawo gobe har sau bakwai, aka sallami mai babbar riga a gabansa, aka nemi na goro, to an yi wa mai wa'azin tsinuwa rabin aikinsa. Da ya ji ana cewa hukumar nan ta azzalumai ce, ba ya bukatar shaida, ya riga ya gani da idonsa.

Saboda haka muna roƙon shugabannin makarantu su buɗe littafi na dabam, su rubuta sunan kowane yaro da ya daina zuwa tun farkon shekara, da sunan mahaifinsa, da inda aka ce ya tafi, da wanda ya je gidansu ya tambaya. Su kai kwafi ga mai unguwa ko dagaci, su kuma ziyarci alaramman da ke kusa da su ko da sau ɗaya a zango, su san adadin almajiransa da garuruwansu da sana'ar da manyan cikinsu suke yi. In mun zo rangadi na gaba, wannan littafi za mu fara nema kafin rajistar kuɗi.