Yadda Ake Wanke Faifan Garmaho da Na'ura Ba Tare da An Lalata Shi Ba

Faifan garmaho ya dawo kasuwa. A shekarar 2022, a Amurka an sayar da faya-fayen garmaho fiye da na CD, abin da rabon a gani tun 1987. Mutane na ta fito da tsofaffin faya-fayen da suka yi shekaru a cikin akwati, wasu ma babu kwafinsu a intanet. Sai dai da yawa idan aka ɗora musu allura, ƙaras-ƙaras da tartsatsi ke danne waƙar. Galibi faifan lafiyarsa ƙalau, datti ne ya cika tsaginsa.

Me ya sa gogewa da tsumma ba ya isa?

Sautin yana cikin wani siririn tsagi ne da ya nannaɗe fuskar faifan, faɗinsa bai wuce kaurin gashin kai ba. Ƙura da maiƙon yatsu da fumfuna suna maƙalewa a can ƙasansa. Robar PVC da ake yin faifan da ita tana tara lantarkin gogayya mai jawo ƙura, musamman a busasshen yanayi irin na hunturu. Tsumma yana share saman ne kawai, wani lokaci ma ya ƙara danna dattin ciki. Idan allura ta bi ta kansa sai ta niƙa shi a jikin tsagin, kuma abin da ya kankare ba ya dawowa.

Shi ya sa ake wankewa da ruwa. Amma muhimmin aikin shi ne kwashe ruwan bayan ya narkar da dattin, domin idan ya bushe a kan faifan, dattin ya koma inda ya fito. A nan ne na'urorin suka bambanta.

Na'urori iri uku

Na farko shi ne bahon hannu irin Spin-Clean. Ana tsoma faifan a tsaye tsakanin burushi biyu, a juya shi da hannu, sannan a tsane shi da ƙyalle mai laushi. Ba ya buƙatar wuta kuma kuɗinsa bai kai dala 100 ba, amma dole a riƙa canza ruwan idan ya yi dauɗa.

Na biyu shi ne injin zuƙa. Ana zuba ruwan wanki a kan faifan yana juyawa, a baza shi da burushi, sai wani bututu ya zuƙe shi tare da dattin. Injin Keith Monks na Ingila, wanda BBC ta yi amfani da shi, yana cikin na farko-farko. Yau akwai VPI da Okki Nokki da Pro-Ject. Suna da ƙara kamar injin share kafet, amma cikin mintuna kaɗan faifan ya bushe.

Na uku shi ne mai aiki da girgizar sautin da kunne ba ya ji. Yana girgiza ruwan sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, ƙananan kumfa su taso su fashe a cikin tsagin su ɓamɓare dattin ba tare da burushi ya taɓa shi ba. HumminGuru yana girgiza sau 40,000 a daƙiƙa, Degritter na ƙasar Estoniya kuwa sau 120,000, kuma farashinsa ya kai dubban daloli. A kula da zafin ruwan, don zafi yana lanƙwasa faifai.

Wane ruwa ya dace?

Ruwan famfo ko na rijiya yana barin gishiri-gishiri a cikin tsagi idan ya bushe. Wanda ya dace shi ne ruwan da aka tace ta hanyar tururi, a ɗiga masa ɗan sinadarin da ke sa ruwa ya ratsa tsagi, kamar Tergitol da ɗakunan adana tarihi ke amfani da shi. Bayan wankin a ɗauraye da tataccen ruwa zalla. A guji sabulun wanke-wanke mai turare da ruwan goge gilashi, kuma kada a jiƙa takardar tsakiya.

Kuskuren da ba shi da gyara

Kafin komai, a tantance irin faifan. Masu gudun 33 da 45 a minti, da suka fito a 1948 da 1949, na roba ne. Yawancin tsofaffin masu gudun 78 kuwa da shelak aka yi su, wani ƙaro da wasu ƙwari ke fitarwa a Indiya da Tailan. Sun fi nauyi, ba sa lanƙwasuwa, suna fashewa kamar tangaran. Sifirit da duk wani ruwa mai sinadarin barasa yana narkar da shelak, kuma wasu ruwan wankin na kasuwa suna ɗauke da shi. Sai a karanta jikin kwalbar tukuna.

Bayan wanki, a bar faifan ya bushe sarai, a sa shi a sabuwar riga maimakon tsohuwar takardar da ta cika da ƙura, a jera shi a tsaye nesa da rana. Idan waƙar da ke ciki ba a samunta a wani wuri, wannan ne lokacin da ya fi dacewa a naɗe ta a kwamfuta, tun faifan yana fes.