Wane suna ya dace da ciwon ƙaiƙayin ido na yara?

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba wani ciwon ido da ke kama yara, da matsalar ba shi suna a Hausa. Mai haɗa kalmomin kimiyya ya kan fassara sunan Turawa kai tsaye. Muna so mu nuna cewa a nan wannan hanya ba ta ɓullewa.

2. Yadda ciwon yake

Ciwon yana taɓa siririyar fatar da ta rufe farin ido da cikin fatar ido, ya kan kuma kai ga gilashin da ke gaban baƙin ido. Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, shi ya sa ba a ɗaukarsa daga wani. Jiki ne ke yin bore ga abin da bai kamata ya dame shi ba, kamar ƙura ko garin furanni. Ya kan fara kafin shekara 10, ya fi kama yara maza, kuma yawanci ya kan lafa wajen balaga. Alamominsa su ne ƙaiƙayi mai tsanani, hawaye, kwantsa mai yauƙi da gudun haske. Ga yaranmu, farin ido ya kan koma ruwan ƙasa, gefen baƙin ido ya yi kauri.

3. Sunayensa a wajen likitoci

Arlt ya bayyana ciwon a 1846. A 1876 Saemisch ya danganta shi da lokacin da itatuwa ke toho a Turai, daga nan ne sunan Faransanci « kératoconjonctivite vernale » ya samo asali. Ƙamusoshi su kan fassara « printemps » da bazara, alhali bazara lokacin zafi ne kafin saukar damina. Ban da haka, a ƙasashe masu zafi ciwon ya kan zauna duk shekara. Saboda haka « ciwon idon bazara » suna ne mai ɓad da mai sauraro. Su ma likitoci sun lura da wannan: a 1976 Diallo, a Dakar, ya kira irin da ake gani a Afirka « limbo-conjonctivite endémique des tropiques », ya kuma raba shi mataki 4.

4. Abin da Hausa ta riga ta mallaka

Hausa na da yana, da hakiya, da dundumi, da amodari, kowanne da ciwonsa. Akwai kuma Apolo, sunan da aka ba jan idon da ya ɓarke a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutane wata. Apolo ana ɗaukarsa, yana kuma wucewa cikin ƴan kwanaki. Ciwon da muke magana a kansa ya kan yi shekaru.

Haɗarin rikita su biyun babba ne. Uwar da ta ɗauka Apolo ne za ta saya wa ɗanta maganin ɗigawa wajen masu talla. Idan akwai kortizon a ciki, ƙaiƙayin zai lafa nan da nan, sai ta riƙa maimaitawa. Kortizon na tsawon lokaci yana iya kawo hawan jinin ido da yana, kuma ganin da hawan jinin ido ya lalata ba ya dawowa. Yawan murza ido ma yana iya sa gilashin ido ya sirance ya yi tsini. Likitan ido na da magungunan da ake iya daɗewa ana ɗigawa, kamar kromoglikat da siklosforin; kortizon kuwa na ɗan lokaci ne, a ƙarƙashin kulawarsa.

5. Shawararmu

Bahaushe ya san borin jini, wato ƙaiƙayi da kumburin fata da ke tasowa idan jiki ya ƙi wani abu. Muna ganin wannan kalma ta fi aron « alerji » saurin shiga kunne. Don haka muke ba da shawarar « borin ido na yara » a rubutun koyarwa, da « ƙaiƙayin ido mai daɗewa » a bakin ma'aikacin lafiya. Na farko yana nuna sanadi, na biyu yana raba shi da Apolo. Ya rage a gwada su a gidajen likita da makarantu, a Maraɗi da Damagaram da Tawa, domin a ji wanda iyaye za su riƙe.