Karatu da Tuƙa

Duk wanda ya taɓa shiga kara a kasuwar Illela ranar Lahadi ya ga shanu kwance da rana tsaka, bakinsu na motsi alhali babu ciyawa a gabansu. Tuƙa suke yi, watau suna dawo da abin da suka haɗiye da safe su sake tauna shi. Makiyayi kuwa in ya ga saniyarsa ta daina tuƙa, ya san ba ta da lafiya. Da wannan misali mahaifina ya fara koya mini bimbini a kan Littafi Mai Tsarki, shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Mu asalinmu mutanen Zuru ne, amma a Illela aka haife ni, da Hausa kuma muke sujada. Samun littafin nan cikin Hausa ya ɗauki zamani. Wani Bajamushe mai suna Schön ya fassara Sabon Alkawari tun 1880, amma sai a 1932 aka buga littafin dukansa, bayan aikin shekaru na Likita Miller na Wusasa da abokan aikinsa. Littattafai 66 ne a cikinsa, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabon Alkawari, surorinsu duka 1,189. Wanda ya riƙa karanta sura uku kullum, biyar ranar Lahadi, zai sauke shi cikin shekara guda.

Na taɓa gwada wannan lissafi ina aji biyu. Na yi ta gudu kamar mai tsere, amma in aka tambaye ni da rana abin da na karanta da safe, sai in yi ta sosa ƙeya. Da na faɗa wa Baba sai ya yi dariya, ya ce, “Kai ɗan nan, kiwo kake yi ba tuƙa.”

To, ga yadda nake yi yanzu a makaranta. Da fari, lokaci. Idan abokan kwanana Musulmi suka tashi sallar asuba, ni ma sai in tashi. Su suna tilawa, ni ina zaune bakin gadona da tocila. Gaskiya naciyarsu ce ta fara ba ni kunya, har na daina lalaci. Na biyu, nakan yi gajeriyar addu'a, in karanta kaɗan, aya goma ko sura ɗaya, a jere ba tsallake. Mai farawa zai ji daɗin Markus, don surorinsa 16 ne kawai, ko Karin Magana mai sura 31, kowace ranar wata da tata. Na uku, tambayoyi uku: me wurin nan ya ce, me yake nufi ga mutanen da aka fara rubuta wa, me kuma zan yi da shi yau? Na huɗu, sai in rubuta aya ɗaya a bayan littafin aikina, in riƙa juya ta a zuciya lokacin shara, ko layin abinci, ko wanki. Wannan shi ne bimbini. Ranar taron zumuntar ɗalibai Kirista kuma kowa ya kawo abin da ya gagare shi ganewa, mu tattauna, sauran mu kai wa fasto.

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala? Bari in ba ku labarin abin da ya same ni a hutun bara, ko da yake ba abin alfahari ba ne. Baba yana sayar da hatsi. Ya kwanta zazzaɓi, sai ya ce in an tashi sujada in je in tsare masa rumfa. Wani abokina ya ara mini mudu wanda aka buga gindinsa ya lotsa ciki, ya ce kowa haka yake yi. Na karɓa, na yi ta awo da shi. Wajen la'asar wata tsohuwa ta zo daga wajen Kwanni, ta kwance bakin zanenta ta ƙirgo mini sefa, na auna mata gero mudu biyar. Da za ta tafi ta ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana.”

Nan take ayar farko ta sura 11 ta Karin Magana, wadda na yi kwana biyu ina juyawa a farkon watan, ta faɗo mini. Maganar ma'aunin zamba take yi, da yadda Allah yake ƙinsa. Ban neme ta ba, ita ta neme ni. Daren nan tuwo ya ƙi shiga. Na durƙusa gaban Baba na faɗa masa kome. Bai doke ni ba. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Kasuwa mai zuwa kai za ka tsaya ka nemi mutanen nan da bakinka.” Lahadi uku ina tsaye ina duba fuskoki. Mun cika wa mutum shida, har da tsohuwar. Sauran ban sake ganinsu ba, hakkinsu kuwa yana damuna har yau.

Da gudun sura uku nake yi kamar da, da ayar nan ta wuce kamar motar da ta ƙetare iyaka ba ta tsaya ba. Ban ce bimbini ya hana ni yin laifi ba, gama na yi. Amma ya hana ni kwana da shi cikin kwanciyar rai.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in mun dawo hutu kada tambayarku ta tsaya kan sakamakon jarrabawa. Ku tambaye mu abin da muka karanta da safe, da abin da muka yi da shi. Ku kuma 'yan'uwana, ko minti goma ne ku fara da shi gobe. Allah ya ba mu ikon aikata abin da muka karanta, amin.