Takardun Stasi: Masu Buɗewa da Masu Kau da Kai

A farkon watan Janairun 1992 aka buɗe wa jama'a ɗakunan karatu na wani ofishi a birnin Berlin. Abin da ake zuwa karantawa a can shi ne rahotannin sirri da hukumar leƙen asirin Jamus ta Gabas, wato Stasi, ta tara a kan 'yan ƙasarta daga 1950 zuwa 1989. Da za a jera takardun a kan kanta guda, tsawonsu zai kai kilomita 111. A shekararta ta ƙarshe hukumar tana da ma'aikata kusan 91,000, ga kuma 'yan rahoto na ɓoye fiye da 170,000, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 17 ba. Su waɗannan 'yan rahoto ba daga sama suka faɗo ba. Maƙwabta ne, abokan aiki, likitoci, malaman coci, wani lokaci ma wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi.

Vera Wollenberger, wadda yanzu aka fi sani da Vera Lengsfeld, tana cikin waɗanda suka yi fafutukar a buɗe takardun. An kama ta a 1988, aka kore ta zuwa Ingila, ta dawo gida a ranar da bangon Berlin ya faɗi, daga baya ta zama 'yar majalisa. Da asiri ya tonu sai ga wani ɗan rahoto mai laƙabin "Donald" wanda ya san abubuwan da ba mai iya sani sai na cikin gida. Mijinta ne, Knud, uban 'ya'yanta biyu. Auren ya mutu a 1992. Sai bayan shekaru, yana fama da ciwo, ya nemi gafara ta yafe masa.

Duk wanda ya ji wannan labari zai tuna da kazar da garin tone-tone ta tono wuƙar yanka ta. Jamusawa da yawa ma haka suka ɗauki lamarin. An shigar da buƙatun duba takardu sama da miliyan 3, amma akwai ɗimbin mutanen da ke da yaƙinin an rubuta rahoto a kansu, suka ƙi zuwa. Wasu masana biyu, Ralph Hertwig na cibiyar Max Planck a Berlin da Dagmar Ellerbrock ta jami'ar Dresden, sun bi irin waɗannan mutane sun tambaye su dalili, suka wallafa sakamakon a 2022. Wasu sun ce abin da ya wuce ba zai sauya musu komai ba a yau. Wasu tsoro suke kada su ga sunan aboki ko ɗan'uwa, su rasa yadda za su sake yarda da kowa. Akwai kuma waɗanda ba su yarda da takardun ba tun asali.

Waɗannan na ƙarshe suna da hujja mai ƙarfi. Jami'in Stasi ma'aikaci ne mai neman ƙarin girma, yana iya ƙara gishiri don ya burge na sama da shi, yana iya rubuta mutum a matsayin ɗan rahoto bayan hirar da mutumin bai san manufarta ba. Ɗan wasan kwaikwayo Ulrich Mühe, wanda ya fito a wani fim na 2006 kan Stasi da ya ci kyautar Oscar, ya zargi tsohuwar matarsa Jenny Gröllmann da kai rahoto, yana dogaro da takardu. Ta rantse ba ta taɓa yi da saninta ba, kotu kuma ta hana shi maimaita zargin. Ta rasu a 2006, shi ma ya bi ta a 2007, ba tare da sun daidaita ba.

Sai dai a kira rashin sanin nan kwanciyar hankali kuskure ne. Mutumin da ya rayu a ƙarƙashin Stasi ya riga ya san wani ya ci amanarsa, sunan kawai ya rasa. Idan kuwa babu suna, zargi kan rufe kowa: surukin da ya cika tambaya, abokin da aka ba izinin tafiya ƙasar waje, maƙwabciyar da ke yawan leƙe ta taga. Mutane da dama sun fito daga ɗakin karatun da sauƙin zuciya, domin sun tarar wanda suka daɗe suna zargi ba ruwansa, wani ma an matsa masa lamba ya ƙi.

Akwai wani abin da ya fi wannan nauyi. Tun daga 1976 hukumar ta tsara hanyar rusa mutum ba tare da ta kama shi ba: a baza masa jita-jita, a sa a hana shi ƙarin girma, a aika wa matarsa wasiƙar ƙarya, a shiga gidansa a sauya wa kaya wuri har ya fara shakkar hankalinsa. Wanda aka yi wa haka ya shafe shekaru yana ganin laifin kansa. Takardun ne suka nuna masa shiri ne aka yi, da sa hannu da kwanan wata. Da su kuma tsofaffin fursunonin siyasa suka wanke sunansu a kotu, suka karɓi diyya. Ga irin waɗannan, rashin sani ya fi dare duhu.

Masanin tarihi ɗan Ingila Timothy Garton Ash, wanda Stasi ta laƙaba wa "Romeo", ya karanta nasa kundin, ya kuma bi 'yan rahoton gida-gida. Abin da ya bayyana a littafinsa na 1997 shi ne ya fi cin karo da rauni fiye da mugunta: mai tsoron rasa aiki, mai son a bar ta ta yi tafiya, wanda aka kama da wani laifi aka riƙe masa wuya da shi. Wannan bai wanke kowa ba, amma ya mayar da dodannin mutane.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanyar. Bayan mutuwar shugabanta na kama-karya Franco, Sifaniya ta yi dokar afuwa a 1977, 'yan siyasa suka amince a rufe babin, sai ga jikoki suna tono kaburburan kakanninsu bayan shekaru talatin. A Jamus ma akwai manyan da suka so a kulle takardun ko a ƙone su, sai da masu fafutuka suka mamaye hedkwatar Stasi suka yi yajin cin abinci a 1990. Dokar da ta biyo baya a Disambar 1991, wadda Joachim Gauck ya fara aiwatarwa kafin ya zama shugaban ƙasa a 2012, ta yi abin da ya fi dacewa: ta miƙa zaɓi ga wanda aka zalunta. Ba a aiko wa kowa kundinsa gida. Wanda ya nema zai ga laƙabin ɗan rahoto kawai, in yana son sunan gaskiya sai ya sake cika wata takardar. Sunayen waɗanda ba ruwansu kuwa ana shafe su da baƙin tawada.

A 2021 aka mayar da takardun ƙarƙashin ma'adanar tarihi ta tarayya. Har yanzu dubban buƙatu na shigowa kowace shekara, kuma daga cikin masu nema akwai 'ya'ya da jikokin waɗanda suka rasu ba su taɓa buɗe nasu ba.