Lambar mota a matsayin kalma: nazarin ƙirar HZJ79L

0. Gabatarwa

A Bader Gula, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, da ma sauran garuruwan arewa masu hanyoyin rairayi, motar da ke ɗaukar mutane da hatsi da bisashe ran kasuwa galibi katkat ce. In ta lalace, sai a aika Dakoro ko Maraɗi a sayo kayan gyara, kuma abu na farko da mai sayarwa zai tambaya shi ne: wace iri ce? Amsar «Toyota ce» ba ta isa ba. A wannan maƙala za mu nuna cewa lambar da kamfani ke ba mota tana da ƙira irin ta kalma, kuma ana iya fiɗe ta da kayan aikin nazarin harshe.

1. Suna uku ga mota guda

Mun bambanta suna uku. Akwai sunan kasuwa (Land Cruiser, Hilux, 504), wanda aka ƙago don mai saye. Akwai sunan tasha, irin su katkat, wanda aka aro daga Faransanci, ko Marsandi da Fijo. Shi wannan yana bin tsarin sautin Hausa, kuma yana haɗa motoci da yawa cikin buhu ɗaya. Na uku shi ne lambar cikin gida, wadda injiniyoyi suka tsara don kansu. Misali, motar Mercedes da aka sayar da sunan 200 ko 230 daga 1976, a ma'aikata W123 ce. Wadda ta gaje ta ta riƙe waɗannan sunaye, amma ita W124 ce.

2. Ƙwayoyin ma'ana

Mu duba misali na (1):

(1) HZ-J-7-9-L

HZ ɗafa-goshi ne mai nuna inji, wato 1HZ mai shan gazuwal, silinda 6, lita 4,2, wanda ya fito a 1990. J ita ce saiwa: dangin Land Cruiser, wanda ya faro a 1951 da sunan Toyota Jeep BJ kafin a canza masa suna a 1954. Lamba 7 tana nuna zubin 70 da aka fara a 1984, 9 kuma siffar jiki, wato doguwa mai buɗaɗɗen baya. L ɗafa-ƙeya ne: sitiyari a hagu, kamar yadda ake tuƙi a Nijar.

Hujjar cewa waɗannan ƙwayoyin ma'ana ne ita ce ana iya musanya ɗaya a bar saura:

(2) HZJ79, GRJ79, VDJ79
(3) HZJ75, HZJ79
(4) LN106, LH113

A (2) jiki ɗaya ne, inji daban: GR na fetur ne, VD na gazuwal mai silinda 8. A (4) inji ɗan gida ɗaya ne, saiwa ce ta canza: N ta Hilux, H ta Hiace. Misali na (3) ya fi muhimmanci gare mu. Kamar bari da ɓari, alama guda ce ta raba su, amma ma'ana ta yi nisa. A 1999 ne 79 ta maye gurbin 75, kuma ƙarfen ƙafarta noti 5 ne yake ɗauka, alhali na 75 yana ɗaukar 6. Duk wanda ya aika a sayo masa ƙarfen ƙafar «Land Cruiser» ba tare da lamba ba, yana iya asarar kuɗin kaya da na mota, motarsa kuma ta kwana a gareji har kasuwa ta watse.

Tsarin yana da karya-doka, kamar kowane harshe. Injin 1KD yana fitowa a matsayin KD a KDJ120, amma a Hilux sai ya zama KU, a KUN26: ma'ana ɗaya, siffa biyu, gwargwadon saiwar da ke biye. Akasin haka, B ta 1951 injin fetur ce, B ta BJ40 ta 1974 kuwa ta gazuwal ce: siffa ɗaya, ma'ana biyu.

3. Peugeot da lambar shasi

Peugeot ya ɗauki wata hanya tun daga 201 ta 1929, inda lamba ta zama sunan kasuwa: adadin farko yana nuna girma, na ƙarshe kuwa ya kasance yana nuna zamani har zuwa 2012, da sifili a tsakiya. Saboda wannan sifilin ne Porsche ya mayar da 901 ɗinsa 911 a 1964. Sai dai 504 ba ta bambanta ta Faransa da wadda aka harhaɗa a Kaduna ba.

Lambar shasi ita ce sunan yanka, domin mota guda ce tak ke ɗauke da ita. Tun 1981 tsawonta ya daidaita a alamomi 17: 3 na farko suna nuna ƙasa da kamfani (VF3 Peugeot, WDB Mercedes, AHT Toyota ta Afirka ta Kudu), 6 na biye suna siffanta motar, 8 na ƙarshe suna keɓe ta. An cire I, O da Q don kada a rikita su da 1 da 0.

4. Kammalawa

Wannan kariya ta ido ce kawai, ba ta kunne ba. Haruffan nan suna biyu gare su a bakin ƴan kasuwarmu: mai sayarwa a Maraɗi yana kiran su da Faransanci, abokin cinikinsa na Kano da Ingilishi. Abin da Faransanci ke kira J, kunnen mai Ingilishi G yake ji, ga shi kuwa GRJ79 tana ɗauke da su duka biyu. Shawararmu ga mai mota a Bader Gula ita ce ya kwafe lambar daga farantin da ke jikin motar, ya aika da ita a rubuce. Ga ɗalibanmu kuwa, akwai aikin da ke jira: tattara yadda makanikai ke furta waɗannan lambobi daga Dakoro zuwa Kano.