Abin da ke Bayan Inbata: Abubuwan Mamaki Game da Wayoyin Wuta

A Zuru, kamar sauran garuruwan Kebbi da ke samun wuta daga kamfanin Kaduna Electric, duk wanda ya gaji da jiran wutar NEPA kuma yana da hali sai ya koma sola. Akan ware lungu guda a ɗaki: inbata a bango, batura a kan kanta, na'urar intanet da dikoda a gefe. Ido yakan tsaya a kan na'urorin, amma lafiyar gidan tana ga wayoyin da ke bayansu.

Me ya sa wayar batir ta fi ta soket kauri nesa ba kusa ba? Lissafi ne. Kayan da ke cin wat 1,000 suna jan amfiya 4 da 'yan kai a wutar gida mai bolt 230. Kayan nan dai, in daga batir mai bolt 12 za a ciyar da su, amfiya fiye da 80 za su ja. Siririyar waya ba za ta iya ɗaukar wannan ba. Sai ta yi zafi, robarta ta narke, wani lokaci gobara ta biyo baya. Shi ya sa mai haɗa sola da ya san aikinsa yake matso da batir kusa da inbata, ya sa waya gajera mai kauri, ya ɗaure kawunanta tam da sifana. Raina yakan ɓaci in na ga an kashe dubban ɗaruruwa a kan batura, sannan an yi tsumulmular kuɗin waya.

Launi ma yana yaudara. A tsohon tsarin Ingila, wanda har yau shi ya fi yawa a kasuwanninmu, ja ce mai wuta, baƙa kuma ta dawowa. A Amurka baƙar ce mai wuta. Ingila kanta ta koma ruwan ƙasa da shuɗi tun daga 2004. Gidan da aka haɗa kayan tsarin nan uku, sai da testa.

Filoginmu mai ƙafa uku ya fito a Ingila a 1947, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Fis ɗinsa na cikin cikinsa, kuma an tsawaita ƙafar sama da gangan: ita ke fara shiga ta buɗe murfin ramukan ƙasa, don kada yaro ya zura ƙusa. Mai tura biro a ramin sama domin ya cusa filogi mai ƙafa biyu, kariyar nan yake karyawa.

Yanke wayar intanet ka duba. Za ka tarar da silli 8, an murɗe su bibbiyu, kuma murɗin kowane biyu ya sha bamban da na maƙwabtansa, don kada saƙon wannan ya kutsa cikin na wancan. Alexander Graham Bell ne ya yi rajistar dabarar murɗin a 1881. Iyakar tsawon wayar mita 100 ne, kuma ba ta son a kwantar da ita jiki da jiki da wayar wuta.

Kantar ƙarfen da ake jera na'urorin sadarwa, daga banki har gindin eriyar MTN, faɗinta inci 19 ne, ma'aunin da kamfanin AT&T ya tsayar wajen 1922. Sama da shekara ɗari ke nan ba a taɓa shi ba.

Igiyar robar nan mai haƙora da ake ɗaure wayoyi da ita, Maurus Logan ne ya ƙirƙiro ta a 1958 saboda wayoyin jirgin sama. Fara ba ta jure rana. A kan rufin kwano, bazara ɗaya ko biyu sai ta ɓalle da kanta. Baƙa ake sawa a waje. Maɗaurin Velcro kuwa, wanda ya fi dacewa da wayar intanet saboda ba ya shaƙe ta, George de Mestral na Suwizalan ne ya samo shi a 1941, da ya ga wata ƙaya irin ƙarangiya ta maƙale a gashin karensa.

Ɓera ba yunwa ke sa shi gurgurar waya ba. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, dole ya riƙa goge su. Maganinsa fayif.

Zafi kuma yana cin batir a ɓoye. Batirin ruwa ya fi son digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin kwanansa. A watan Maris da Afrilu, ɗakin da ba taga a Zuru yana iya cinye batir tun kafin mai shi ya gama biyan bashinsa. Da damina ta faɗi, sai a duba wayar da ta sauko daga rufi: a bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango, ruwa ya ɗiga a nan maimakon ya bi ta har cikin dikoda.

In ka je sayen waya, tafi da reza. Kankare silli ɗaya a gaban mai shago. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ne na gaske. In fari ya leƙo, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya, kuma abin da zai iya ɗauka bai kai kashi biyu cikin uku na na gasken ba.