Karan Kuɓewa a Tukunyar Pito

Mafi yawanmu mazauna zango ba ma shan giya, amma muna zaune da masu dafa ta. Matan Dagarti da Farafara da ke dafa pito a Wa, Nandom, Bolgatanga, har Kumasi, suna cikin masu sayen jar dawa a hannun 'yan kasuwarmu. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba wata dabara tasu: yadda suke sa ruwa mai kauri ya kwanta ya zama garau.

Bayan an jiƙa dawa ta yi tsiro, sai a shanya, a niƙa, a dama da ruwa. To, a nan aikin yake. Matan sukan daka karan kuɓewa ko ɓawon dargaza su jiƙa, su zuba yauƙin a cikin damun. Yauƙin nan shi ke kama ƙananan ɓarɓashin gari, ya dunƙule su, su yi nauyi su sauka ƙasa. Sai a kwashe ruwan sama a ajiye, a dafa na ƙasan, a sake haɗawa. Bayan ya kwana ya yi tsami, sai a tace da kwando ko buhu, dusar kuma a sayar wa masu kiwo.

Turawa masu haɗa giya a gida ma hanya uku suke bi. Ta farko tacewa. Ta biyu zuba abin da zai kama gurɓata, kamar wani danƙo da ake samu daga jakar iskar da ke cikin kifi. An daɗe ana amfani da shi a Ingila, kuma sai a 2015 kamfanin Guinness ya sanar cewa zai daina. Ta uku sanyi: a sa giyar a firji, kusan digiri 1 zuwa 4, kwana 2 ko 3, har yisti ya kwanta. Mai pito ba ta bin wannan ta ukun, domin ana shan pito ne yana kan tsima, kuma bayan kwana biyu ya lalace.

Ina ruwanmu da wannan? Ilimin ɗaya ne da na randar gidanmu. Idan damina ta sa ruwan rafi ko na rijiya ya yi ja, dakakken ƙwayar zogale yana yin aikin da yauƙin kuɓewa ke yi. Sai dai mu lura: mai pito ba ta tsayawa a kan tacewa, takan tafasa ruwan na awowi. Ruwa na iya yin garau alhali yana ɗauke da cutar kwalara ko taifot. Saboda haka iyayenmu mata, in ya kwanta a tace, in an tace a tafasa kafin a ba yara.